Maƙogwaron Maiwada

"Ruwa ya yi gyara," in ji Hajo, ko kai ba ta ɗaga daga kan mazarinta ba. "Ya mutan Ƙarfi? Ya ubanka da iyali?"

"Suna lafiya, suna gaishe ki. Amma Tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Wanga ramin da ke tsakanina da ke, shi ne gyaran?"

Mai maganar jikanta ne, Ɗanasabe, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana tsaye a bakin hanya riƙe da igiyar takarkari. Ita kuwa tana zaune a ƙofar zaure kan 'yar tabarmarta, tana kaɗin auduga. Tsakaninsu rami ne ja wur, wanda ruwan shekaranjiya ya haƙa, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum.

Gidan Hajo yana gefen Tsiga ne, a gangare, kan hanyar da fatake ke bi da jakuna in sun taso daga Zazzau. Duk ruwan da ya sauko daga gonakin tudu sai ya biyo ta ƙofar gidan kafin ya faɗa fadama. Mijinta, marigayi Maiwada, shi ya yi wa abin dabara tun suna da ƙuruciya. Ya tsaga kututturen giginya gida biyu, ya rarake cikinsa, ya mayar ya haɗa, ya binne shi a ƙarƙashin mashigar gidan. Ruwa na bi ta ciki, mutane da dabbobi na bi ta sama. 'Yan unguwa suka sa wa kututturen suna maƙogwaron Maiwada, don komai yawan ruwa haɗiye shi yake. Bana ne kawai ya ƙi haɗiya. Ruwan ya taru, ya tsallake ta kansa, ya cinye mashigar, ya fara lasar gindin zaure.

"Na aika a turo mini miji," in ji Hajo, "sai ga shi an turo mini sandar korar awaki. Tsallako mana, ko sai na zo na goya ka?"

"Ki goya ni da wane bayan? Wanda ya lanƙwashe kamar lauje?"

"Shi ya goyi ubanka, ja'iri. Kai ma ka sha yi masa fitsari."

"Sadakina ke nan na biya tun ina jinjiri. Wace amarya aka taɓa biya da wuri haka?"

"Amarya? Kai da ko zanen gwado ba ka taɓa ɗaura mini ba? Mijin da ke zuwa hannu na dukan cinya."

"Ga sa guda na kawo miki, kina cewa hannu na dukan cinya."

Sai a lokacin Hajo ta dubi takarkarin da kyau. An ɗaura masa akumari, an ninka gwado mai laushi an shimfiɗa a kai, kuma babu kaya ko ɗaya. Ba a yi wa buhun gero irin wannan shimfiɗa. Zaren ya tsinke a hannunta.

Ta san zancen. Da rani ɗanta Lawal, uban Ɗanasabe, ya zo ya zauna a wannan zauren ya ce gida ya tsufa, ita ma ta tsufa, daga ita sai 'yarta Kulu bazawara, ba namiji. Ya ce duk ranar da bango ɗaya ya faɗi zai aiko a ɗauke su zuwa Ƙarfi. Ga shi labarin ramin ya riga ya kai masa a bakin fatake.

Ɗanasabe ya ɗaure san a jikin marke, ya dira cikin ramin, ya hauro. Ya durƙusa ya gaishe ta sosai, sannan ya faɗi saƙon, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Baba ya ce in duba. In zauren ba zai kai kaka ba, in taho da ke, Gwaggo Kulu ta biyo da kaya."

Hajo ta ƙulla zarenta a hankali. A bayan gidan nan aka binne Maiwada, ƙarƙashin tsamiya, kuma kullum da safe ita ke share wurin. Tsoro ya kama ta ƙwarai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ruwan ya zo. Amma ba a gaban wannan ɗan neman za ta nuna ba.

"To duba mana," in ji ta. "Idon naka da ko kaza ba ya gani sai an dafa."

Ya zagaya gindin zauren, ya ƙwanƙwasa bangon, ya tona da yatsa. Daga nan ya koma cikin ramin wurin kututturen. Rabin sama ya tsage gida biyu, da alama wani jaki ya taka bayan ƙasa ta zare. Rabin ƙasa kuwa yana nan garau. Ya leƙa ta bakin da ruwa ke shiga, ya ga duhu. Ya zagaya ta bakin da ruwa ke fita, ya tsuguna, ya daɗe a nan.

"Tsohuwa."

"Mi?"

"Wa ya shaƙe ma kakana maƙogwaro?"

"Yashi ne. Kullum yashi ke shiga."

"Yashin Tsiga ya iya gini ke nan. Ya samo fasasshen kasko, ya kafa a bakin, ya kwaɓa laka ya shafe gefe da gefe."

"To gara ce. Garar bana ba ta da kunya."

"Gara mai yatsu biyar? Ga sawunsu nan a jikin lakar. Wanga hannu kuwa na san shi, shi ya tsawaita mini kunnen hagu."

"Aljannun tsamiya ne. Sun daɗe suna neman ɗaki."

"Aljannu masu gashin zabi?" Ya ɗago wani gashi mai ɗigo-ɗigo, jiƙe da laka, ya nuna mata. "Ashe da fiffike suke yawo."

Kulu, da ke tsaye a bakin zaure da ƙwaryar fura, ta ajiye ƙwaryar ta koma ciki da sauri, kafaɗunta na rawa don dariya.

Hajo ta ga ba hanya. Abin da ya faru kuwa shi ne, zabuwa ba ta yin ƙwai inda ido ke gani. Da bazara ta kama, babbar zabuwarta ta riƙa ɓacewa da hantsi, Hajo ta bi ta da sanɗa har ta gan ta tana shiga cikin kututturen. Ta leƙa ta tarar da ƙwai jere. To akwai wani tunku da ya addabi unguwar, yana shigowa ta gefen fadama. Shi ne ta toshe wannan bakin da kasko, ta bar wa zabuwar na gefen gida, inda idonta ke kai.

"Tunku ne ya ja," in ji ta. "Da ka ga ƙwan nan, kai ma da ka toshe."

"Ƙwan fa? Ruwa ya tafi da su?"

"Wane ruwa? Ina ganin hadari na kwashe abina tas. Suna can ƙarƙashin kaza, ta kwanta musu."

Ɗanasabe ya zauna daɓas a cikin laka, ya riƙe ciki.

"Kin tuna da ƙwai, kin manta da kasko."

"Hannu biyu gare ni. Ƙwarya a ɗaya, sanda a ɗaya."

"Kakana ya yi shekaru yana haɗiyar ruwan Tsiga, ko tari bai taɓa yi ba. Matarsa ta shaƙe shi saboda wainar ƙwai."

"Ba waina zan yi ba, marar tunani. 'Yan zabi nake so."

"Ni dai na gode Allah da ba a gidan nan nake kwana ba. Wata rana zabuwa ta kalli bakina ina hamma, in farka da kasko."

"Naka bakin ai ko murfin rumbu ba zai rufe shi ba."

Ta faɗi haka tana murmushi, amma hankalinta ba a kwance yake ba. In Lawal ya ji cewa da hannunta ta toshe hanyar ruwa a bakin damina, ba zai tsaya duba bango ba. Cewa zai yi tsufa ya fara taɓa mata hankali, kuma ko zauren dutse ne sai ya ɗauke ta. Ta dubi jikan nata, shi ma ya dube ta, ta gane ya san abin da take tunani.

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa.

"Da mi kakana ya rarake wanga icen?"

"Da gizagonsa."

"Yana nan?"

"Yana nan. Amma ba a ba yara."

"Kawo shi, uwargida. Bangon bai mutu ba, ƙafarsa ce ta jiƙe. In ruwa ya koma hanyarsa, zauren zai ga jikokin zabuwarki, har bayan mu duka."

Hajo ta tashi ba tare da ta nemi sanda ba. A ƙarƙashin gadonta gizagon yake, naɗe cikin tsohuwar fata, tana shafa masa man kaɗe duk shekara don kada ya yi tsatsa. Tun rasuwar mai shi ba wanda ya taɓa riƙe ƙotar. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"In ka dakushe shi, na sake ka."

"Mace ke sakin miji a Tsiga?"

"Irinka, har akuya na iya sakinsa."

Maƙwabcinsu Maitama, Bamaguje mai gona a bakin fadama, yana da wata tsohuwar giginya da iska ta kayar tun bara. Da Ɗanasabe ya je nema, cewa ya yi a ɗauka, ai shi ma ta kan maƙogwaron nan yake wucewa in zai shiga gaida Hajo. Ya kira mutanen gidansa suka tsaga ta, suka yanke daidai tsawon tsohon. Takarkarin da aka aiko ya ɗauki tsohuwa, shi aka cire wa gwado aka ɗaura wa igiya, ya jawo rabin giginya tun daga fadama har ƙofar gida.

Washegari tun da hantsi Ɗanasabe ya hau rarakewa. Bayan giginya ƙarfe ne, gara ma ba ta iya masa, amma cikinta taushi gare shi. Hajo ta jawo tabarmarta bakin ramin ta zauna, wai tana kaɗi.

"Ba haka ake riƙewa ba. Kakanka da hannu ɗaya yake yi, yana waƙa."

"Shi ya sa ya gaji da wuri ya bar ni da ke."

"Kana sara kamar mai tsoron icen zai rama."

"Ina lallaɓa shi ne. Ya ji abin da kika yi ma ɗan'uwansa."

"Ka bar gefen da kauri, kada ka huda."

"To zo ki karɓa mana."

"Ni da na yi miji, in yi sassaƙa? Mi amfaninka?"

Da ya gama, suka ɗaga tsohon rabin, suka zuba marmara a ƙasan ramin suka daɓe, suka mayar da shi. Ɗanasabe ya sa aka ɗan ɗaga gefen tudu, ya ce a kawo ruwa a gwada. Hajo ta hana Kulu, ta ɗauko tulu da kanta, ta tuttula a bakin sama. Ruwan ya gangara rabi ya tsaya, ya kwanta.

"Ka gani? Mijin banza. Ko ruwa ba ya jin maganarka."

"Tsoro yake ji. Yana zaton kasko na nan a gaba."

Suka ƙara dutse a ƙarƙashi, ta sake zubawa. Wannan karon ruwan ya wuce sumul ya fita ta gefen fadama. Sai suka kifa sabon rabin a kan tsohon, suka liƙe haɗin da laka, suka jera fala-falan duwatsu a baki biyun don kada ruwa ya sake ci ta gefe. Aka cika ramin da marmara, ana zubawa ana daɓewa, har mashigar ta dawo daidai da hanya. Maitama ya kawo saiwar ciyawar jema aka dasa a gefuna don ta riƙe ƙasa. Gindin zauren kuma aka yi masa sabon yaɓe mai kauri.

Daga ƙarshe Ɗanasabe ya fiƙe 'yan turaku ya kafa su a jere gaban bakin sama, tsakaninsu ruwa zai wuce, kara da zabuwa ba za su wuce ba.

"Mi ke nan kuma?"

"Haƙora na sa ma kakana. Ke ma in kina so in fiƙe miki."

"Ka kore mini zabuwa daga ɗakinta."

"Ta je ta yi a ƙarƙashin gadonki, ai gizago ya tashi, wuri ya samu."

Ana gama la'asar gabas ta haɗe. Maitama da mutanensa suka ruga gida. Hajo ta ƙi shiga ciki, ta tsaya a bakin zaure, Ɗanasabe na gefenta, iska na kaɗa musu feshi. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Can sai ga jan ruwa ya gangaro daga gonakin tudu, ɗauke da kara da ganye, ya nufo ƙofar gidan gadan-gadan. Hajo ta kama hannun jikanta ta riƙe gam, ba ta ma san ta yi ba. Ruwan ya taru a bakin turakun, ya yi juyi, ya tashi har ya kusa taɓa duwatsun sama. Sai aka ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓulla ta ɗaya gefen da ƙarfi ya nufi fadama. Mashigar ko gezau ba ta yi ba.

Wannan gurnanin ta saba ji duk damina tun tana amarya. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi, tunda fuskar ta riga ta jiƙe da feshi.

"Tsohuwa, sakar mini hannu. Mutane za su ce kina so na."

"Riƙe ka nake kada iska ta ɗauke ka. Ba ni da abin biyan ubanka."

Da gari ya waye Ɗanasabe ya ɗaura wa takarkari akumari, ya mayar da gwadon ya shimfiɗa. Hajo na tsaye tana kallo, hannunta a bayanta. Tambayar da ta hana ta cin tuwo jiya ta fito da kanta.

"Mi za ka ce ma ubanka?"

"Abin da ya aike ni in duba. Ice ya tsage, an sa sabo. Bango na nan, zai kai kaka, zai wuce."

"Kaskon fa?"

"Wane kasko? Baba bango ya ce in duba, bai aike ni ƙirga tukwanen mata ba." Ya ja igiyar akumarin ya ɗaure. "In ya ce ina amaryar, in ce na je na gani, ta tsufa, na fasa. Sa ma da ya gan ta cewa ya yi gara ya ja giginya."

"Ƙaryarka. Ni na ƙi ka."

"Kuma duk bazara zan zo in leƙa maƙogwaron nan da idona, tun kafin hadarin fari. Ba don ke ba, don kakana."

Hajo ta fito da abin da ke bayanta. Gizagon ne, ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta naɗe shi cikin fatarsa. Ta taka har wurin san, ta ɗora shi a tsakiyar gwadon, daidai inda aka shirya mata zama, ta ɗaure da kanta.

"An ce ka taho da tsoho daga gidan nan, to ga shi. Haƙori ɗaya gare shi, ya fi ni, kuma ba ya gardama."

Ɗanasabe ya matso kusa da san. Ya shafa fatar, ya dubi ƙasa.

"Tsohuwa, wanga ai na kakana ne."

"Kayan miji na ba miji. Ko ka fasa auren da gaske?"

Ya yi dariya. "Na yarda, kin ci. Amma 'yan zabin nan in sun fashe, rabi nawa ne."

"Ɗaya. Gurgun cikinsu."

Ya ja igiya. Takarkarin ya taka sabuwar mashigar da dukan nauyinsa, ya haye hanya, ƙasa ba ta motsa ba. Sai da suka ɗan yi nisa Hajo ta ɗaga murya, ba zolaya a ciki ko kaɗan.

"Ɗanasabe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Bai juyo ba, hannu kawai ya ɗaga, ya kai shi fuska. Ta tsaya har marke ya kare su. Sannan ta sunkuya a bakin kututturen ta zare karan da ruwan jiya ya tara a jikin turakun, ta watsar gefe, ta ɗauki tsintsiyarta ta nufi gindin tsamiya.